Murafan Malam Yusha'u

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke cikin Tudun Wada ya san Malam Yusha'u Nagoda da abu biyu: lissafi da tsintar murfin lemo. Dattijo ne dogo siriri, gemu fari fat, amma da ya hangi murfin kwalba a gaban mai shayi sai ya duƙa ya ɗauka, ya goge, ya jefa aljihu. 'Yan acaɓa su yi ta yi masa tsiya: "Malam, wurin 'yan gwangwan za a kai?" Sai ya ce, "A'a, waɗannan ma'aikatan gwamnati ne."

Kuma gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin da biyu shi ke tsara jadawalin darussan makarantar, bai taɓa yi da kwamfuta ba. Wani faffaɗan allon katako ne a ɗakin malamai, ya jera masa ƙusoshi, kowace ƙusa darasi ɗaya ce a aji ɗaya. Kowane malami da murafansa, an huda su an rubuta sunansa a ciki. In an rataya naka a ƙusa, ajin ya hau kanka ke nan. Taɓa allon nan ba da izininsa ba kuwa, ranar za ka san Malam yana da baki.

Makarantar ta kowa ce. Kowane aji kashi uku ne, kuma a kowane kashi akwai 'ya'yan Musulmi da na Kirista a benci ɗaya. In lokacin darasin addini ya yi, yaran Kirista su fita zuwa wurin malamarsu, minti arba'in su dawo a ɗora da kimiyya. Malam yakan ce shi kansa da bai zauna kusa da wani Ebenezer a firamare ba, da har yau bai iya raba goma gida biyu ba.

Ana nan sai malaman addini biyu suka yi ritaya, ba a turo madadinsu ba. Ya rage Malama Felicia ita kaɗai a darasin Kirista, malamai biyu a na Musulunci. Shekarar zaɓe ce kuma. Sai ga kansila, Honorabul Muntaka, ya zo da abin da ya kira mafita: a kwashe yaran Kirista a zuba su a kashi guda, Musulmi a sauran biyun, a kuma rage awannin ɗakin gwaje-gwaje a ƙara wa addini. Ya bi malaman unguwa ya ce ya tsare musu tarbiyya, ya bi dattawan coci ya ce ya samo musu ajin kansu. Kai, mutumin nan ya iya neman ƙuri'a! Mutanen da ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba, sai ga su sun haɗu a kan raba yara.

Shugabar makarantar, Hajiya Ishatu, mace ce mai kirki, sai dai tsoron takardar ofis kamar me. Ta kira Malam ta ce, "Sun ce jadawalin ba zai yiwu da malamai uku ba. Ni kuwa ba ni da ƙarfin ja da su."

"Hajiya, wa ya tambayi allon?" in ji shi. "A ba ni kwana uku."

Kwana ukun nan, da an tashi sai ya rufe kansa a ɗakin malamai har la'asar, ba ka jin komai sai ƙarar murafai. Ya daidaita darasin addini ya faɗo lokaci guda a kashi ukun kowane aji, yadda Malama Felicia za ta tara nata a ɗaki ɗaya su koma. Saura matsala guda: ɗakuna uku na Musulmi, malamai biyu. Malam ya daɗe yana kallon ƙusoshi goma sha biyu da suka rage tsirara. Sai ya laluba aljihu, ya huda sababbin murafai, ya rubuta sunansa. Dama shi ke jan sallah a masallacin layinsu in liman ba ya nan.

Ranar taron iyaye ya sa aka cicciɓo allon aka jingina a gaban jama'a. Ya ce, "Honorabul, ga shi. Nuna mini ƙusa ɗaya da malamai biyu suka yi karo, ko aji ɗaya da ya rasa malami. Kuma ban taɓa ɗakin gwaje-gwaje ba."

Kansila ya duba allon sama da ƙasa, bai ga karo ko ɗaya ba. Sai ya koma inda irinsu ke komawa: "Malam, ashe kai ba ka kishin addininka?"

Ran Malam ya ɓaci. "Ina kishinsa, shi ya sa zan koyar da shi sau goma sha biyu a mako, ba a faifan kamfe ba. Amma yaron da bai taɓa aron biro a hannun ɗan'uwansa ba, duk ƙaryar da aka yi masa a kan ɗan'uwan nan zai yarda. Ni ba zan tsara wannan da hannuna ba."

Wani tsohon tela ya ce a bar yara yadda suke, wata uwa daga ɓangaren coci ta mara masa baya, taro ya watse a haka.

Mako biyar bayan nan takarda ta zo. An mayar da Malam wata makarantar ƙauye can gaba da Dutsen Abba, saura shekara biyu ya yi ritaya. Wallahi abin da ciwo. Shi dai ba doguwar hanyar ce ta dame shi ba. Ya san da ya fita ƙusoshin nan za su koma tsirara, kansila ya sami hujjar da ya rasa.

Ranar ƙarshe ya shiga ɗakin malamai ya tarar da murafansa a tare a kan tebur, an ciro su duka. Wato ba su ma jira ya tafi ba? Da ƙyar ya ɗaga kai ya dubi allon.

Babu ƙusa ko ɗaya da ba a rataya wa murfi ba. Malam Barnabas na kimiyya ya kwashe lissafinsa. Malamai huɗu sun raba darussan addinin, bibbiyu. Sauran huɗun, ya matsa kusa ya karanta sunan da ke ciki da wani karkataccen rubutu: Ishatu.

Tana tsaye a bakin ƙofa, yatsanta ɗaure da tsumma. Ta ce, "Malam, ba ka taɓa gaya mana huda abin nan da wuya haka ba."

Malam ya dubi yatsan nata. Ya share idonsa da hannun riga, ya tattara murafansa ya zuba a aljihu. An ce masa makarantar da za shi ba ta da allo.