Rabon Jan-baki a Gonar Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ma ya tafi. Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure sai an ji a bayan gida, ga shi kwance yana bin mu da ido. Mun kai shi asibiti a Gaya, an ba mu ƙwayoyi, an yi rubutu an sha, shiru. Ni dai abu ɗaya nake nema, in sake jin muryarsa, ko da zagina zai yi.

Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba. Tun ina ƙarami Baba yake cewa kamar an zuba min cinnaku a wando, jinyar nan kuwa sai ta ƙara min. In shiga ɗakinsa, in fito, in hau babur in tafi Balan wurin mai magani, in dawo in sake fita. Har Inna, mahaifiyata, ta ce, "Kai, don Allah, jiri kake sa ni."

Ana cikin haka gero ya kai tumu a gonarmu ta Toranke, jan-baki suka sauko, tsuntsayen nan ƙanana masu zuwa garke guda su wawushe zangarniya. Kowa a yankin gwangwanaye yake ɗaurawa a igiya, ya yini yana ja yana ihu. Baba bai taɓa yin haka ba. Shi yakan ware kunya ta ƙarshe ta gefen gabas, ba a yankanta. Da safe ya cire takalmi ya tsaya a bakin gona har numfashinsa ya lafa, ya yi bisimilla, sannan ya gaya wa tsuntsayen cewa nan ne rabonsu, sauran na iyali ne. Daga kakarsa Babarbariya ya gada. Na taɓa tambayarsa me yake ji in ya yi tsit ɗin nan, ya ce, "Ina za ka ji, kai da ba ka zama?"

Ni gwangwanayen na ɗaura. Na yi ihu har muryata ta dushe, 'yan banzan ko a jikinsu. Wata safiya na dawo ina ta sababi a ƙofar ɗakin Baba, ina gaya wa Inna geron nan ya kusa ƙarewa. Sai muka ji yana bugun tabarma da hannunsa mai lafiya, yana nuna ƙofa.

Inna ta ce, "Gona yake so."

Na ce, "A haka?"

"A haka. Je ka aro amalanke."

Muka shimfiɗa masa katifa, shanun maƙwabcinmu suka ja mu. A bakin gona na jingina shi da bishiyar kuka, na sauke tafin ƙafarsa a kan ƙasa. Tsuntsaye sun rufe gero, ni kuwa hankalina yana kan igiya. Na yunƙura zan je in ja, ya damƙe wuyan hannuna. Ban san da sauran wannan ƙarfin a jikinsa ba.

Dole na tsuguna. Ƙuda yana damuna, raina yana ɓaci. Bai sake ni ba. Can sai na ji wani ɗumi yana fitowa daga tafin hannunsa, ya bi hannuna ya hau ƙirji, kamar an kurɓi kunu mai zafi. Numfashina ya koma tafiya tare da nasa. Hayaniyar tsuntsayen ta rarrabu, ina jin wannan daban, wancan daban, har da ƙarar ƙwayar gero a bakinsu. Na daina jin gwiwoyina. Ban san tsawon lokacin ba, kuma wallahi tsoro ya kama ni, amma ban so ya wuce ba.

Sai na ji murya kusa da kunnena, a karkace, a shaƙe: "Ga naku can."

Baba ne. Garken ya tashi ya yi sama. Ko gabas suka sauka ko gonar wani, ba zan rantse ba, don hawaye ya rufe min ido. Na zabura ina laluben waya in kira Inna, ina cewa, "Baba, ka yi magana, sake faɗa, Baba."

Ya ɗago ido ya dube ni, irin kallon da na sani tun ina yaro. Ya ce, "Zauna."

Na zauna, har rana ta take.

Bai sake furta komai ba. Ya rasu bayan an kai gero rumbu. Duk yawon da na sha tsakanin Gaya da Balan ina neman muryarsa, abin da ya rage min ke nan, kalmar da ya fi gaya min a duniya.