Gwangwanin Awona Ya Tsufa

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan magana, ina fasawa. Damina ta wuce, wata ta zo, ban ɗora alƙalami a takarda ba. Karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in rubuta abin da masu ilimi za su yi wa dariya. Kuma maganar ta shafi wani kamfani, ni kuwa ba na son ɗaukar alhakin kowa, ko da kamfani ne wanda bai san ina duniya ba. Shi ya sa ba zan ambaci sunansa ba. Matata ce ta raba gardamar. Ta ce, “Malam, ko ka rubuta wa duniya ita ma ta ji, ko ka daina yi mana ita a kan tuwo.” To, ga shi na rubuta.

Sana'ata sayar da aya da gyaɗa mai gishiri a tashar bakin boda, nan Magama ta Jibiya, inda motocin Maraɗi ke tsayawa a duba takardu. Fasinja ya gaji da zama, ya sauko ya miƙe ƙafa, ya sayi abin taunawa. Mu a nan ba ma awo da sikeli. Mai gero yana da tiyarsa, mai manja yana da kwalbarsa, mu masu ƙananan kaya kuwa gwangwanin madara ne mudunmu. A yanke bakinsa, a daddaƙe kaifin, shi ke nan. In ka ce “gwangwani guda”, daga Daddara har tsallaken boda kowa ya san abin da kake nufi, ba a tambayar wanne.

Nawa, kawuna ne ya ba ni shi ranar da ya bar mini tire da wurin zama ya koma gona. Takardar jikinsa ta ɓare tun kafin ya zo hannuna. Hannu ya goge shi har yana ƙyalli. Ban taɓa tunanin zai tsufa ba, sai da gishirin gyaɗa ya ci gindinsa ya huje, na ga ƙananan aya suna maƙalewa a ramin.

Na je wurin mai shayin da ke gefena na roƙi sabo. Dattijo ne, rediyonsa ba ta mutuwa, kuma tun yana saurayi yake bin siyasar talakawa, har yau da ita yake dama shayi. Ya miƙo mini wanda ya gama juyewa. Na yanke, na wanke, na shanya. Da wani ne da ya jefar da tsohon ya ci gaba da harkarsa. Amma ni mutum ne da nake komawa in taɓa kwaɗon ɗaki bayan na san na kulle. Sai na cika tsohon da aya, na share bakinsa, na juye a sabon. Ya cika, ya yi tozo, sauran suka zube a tire.

Na sake, haka. Na karɓo wani gwangwanin, haka. Daga waje tsayinsu kusan ɗaya ne. Da na kifa sabon sai na ga gindinsa ya lotsa ciki kamar an danna ƙoƙo.

Na kai wa mai shayi. Na ce, “Baba, dubi wannan. Ko dai faɗuwa ya yi a mota?”

Ya ɗaga katon ɗin madararsa ya kifa mini su ɗaya bayan ɗaya. Duk haka suke. Ya yi dariya har ya dafa tebur.

“Faɗuwa? Dukansu suka faɗi a kan gindi, babu wanda ya faɗi a kan baki? Kai ɗan nan, ka tuna mutumin da ya buga wa tiyarsa guduma a kasuwar Jibiya?”

Na tuna. Wani mai dawa ne ya bubbuge gindin tiya ya shige ciki don ta rage ci. Da aka gane, sarkin kasuwa ya karɓe tiyar, aka ɗaga ta sama kowa ya gani, mutumin bai sake shimfiɗa buhu a layin ba.

Mai shayi ya ce, “To ga yayansa. Wancan da guduma ya yi, aka kore shi. Waɗannan da inji suka yi, sai ga su a rediyo ana yi musu kiɗa, wai sabon salo. Talaka in ya tauye, ɓarawo ne. Mai kuɗi in ya tauye, dabarar kasuwanci ce. Sha shayi, ni na saya maka.”

Shayin bai shiga ba. Tun muna makarantar allo aka tsoratar da mu da tauye mudu, kuma a cikin duk abin da aka tsoratar da mu da shi, wannan ya fi zama mini a ƙirji, don shi ne sana'ata. In na auna da sabon, mai saye zai ce gwangwani guda, zuciyarsa tana kan wanda ya sani, ni kuma in ba shi wanda ya gaza. Kamfani ne ya danna gindin, amma hannuna ne ke miƙawa.

Na tambayi limamin masallacin tasha bayan azahar. Ya ce in dai mai saye ya san abin da yake saya, babu zalunci, in riƙa faɗa masa kawai. Na ji daɗin wannan amsa, na kuwa kama ta da gaske. Duk wanda ya tsaya sai in ce, “Kafin in auna, ka sani wannan gwangwanin bai kai na da ba, ga gindinsa ka duba.” Wata tsohuwa ta ce, “To ina na da ɗin?” Wani ya ɗauka sabuwar dabarar talla ce, ya ce na iya. Wata rana ina cikin yi wa wani Alhaji bayani, na kifa gwangwanin ina nuna masa, direba yana ta oda. Direban ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, aya muka tsaya saya ko wa'azi? Ka zuba masa a hula mu tafi!” Motar ta tashi, Alhajin ya bi ta da gudu, babu aya, babu sallama.

Matata ta ce in riƙa ƙara gyara mai yawa, magana ta ƙare. Na gwada, zuciyata ta ƙi. Gyara kyauta ce, abin da kake ɗorawa bayan ka cika haƙƙi. In na cike giɓi da ita, mai saye ya yi mini godiya a kan abin da tun asali nasa ne, na ci godiyar banza ke nan. Ta dube ni ta ce, “Allah ya shirye ka, kai ko a aljanna sai ka nemi a sake auna maka.”

Sai na kai tsohon wurin mai gyaran bokiti ya yi masa faci, na koma awo da shi. Hankalina ya kwanta, amma na tayar da na wasu. Akwai wata mata da ke tsallakowa daga Nijar kullum da safe da ayarta, tana zama daura da ni. Mace ce mai raha, muryarta har shingen boda. Ta lura fasinjoji sun fara zagaye tirenta suna zuwa nawa. Ta taso ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

“Maƙwabci, mi na yi maka? Wanga gwangwani naka na zamanin kakanni zai kashe muna kasuwa. Kowa ya koma sabo, kai kaɗai ka tsaya kamar jakin da ya ga gada.”

Na ce, “Hajiya, wallahi ba don in janye miki mutane ba ne. Tsoro nake ji.”

“To mu ba mu da lahira ne? Samo mini irinsa ni ma in auna!”

Nan ta ɗaure ni. Gaskiyarta ne, ita ma ba ta danna gindin kowa ba, abin da ta samu a bola shi ta ɗauka. Muka yi shawara: da safe in ara mata nawa in ba ni da mai saye, ita kuma in ta shiga Maraɗi ta duba mana ko can akwai sauran na da. Haka muka riƙa miƙa wa juna gwangwani guda tsakanin tire biyu, 'yan tasha suna cewa mun kafa ƙungiya.

Ana cikin haka aka rufe boda. Tasha ta mutu, tirena ya koma kamar ado, maƙwabciyata kuma ta daina zuwa. Mai shayi kaɗai ne bai rasa abin yi ba, ya samu masu zaman banza suna saurarensa. Yakan ce, “Ku duba wa rufewar nan ta kama. Mai tire, mai baro, mai babur. Mai jirgin ruwa fa? Shi ƙofarsa daban, kuma ba a taɓa jin makullinta ya ɓace ba.” Wani ya ce, “Baba, ka tsaya takara mana.” Ya ce, “Da wane buhun kuɗin? Ni madarata ma an rage mini.” Ni dai ban san zurfin siyasa ba, amma na san lokacin nan yunwa ba ta shiga gidajen da ake yanke hukunci a ciki ba, namu ta shiga.

Da aka buɗe, ranar farko sai ga ta da buhu a ka yana ƙara. Ta sauke a gabana ta zazzage. Gwangwanaye ne iri-iri, wasu da rubutun Faransanci. Muka zauna muna kifa su, mai shayi yana tsaye a kanmu kamar alƙali. Babu ko ɗaya mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ta tafa hannu ta ce, “Ka gani? Mu aka hana wucewa. Lotsattsen gindi ya riga mu tsallakawa, ko takarda ba a tambaye shi ba.” Muka yi dariya har mai shayi ya ƙone da butarsa.

Akwai wani mutum da ke kawo wa mai shayi madara a ƙaramar mota mai hoton kamfanin. Na daɗe ina jin nauyinsa, rannan na daure na nuna masa. Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma ba ma'aikacin dindindin ba ne, ranar da bai sayar ba babu abin da zai kai gida, kuma ba a shawara da irinsa. Amma ya nuna mini wasu ƙananan lambobi a gefen takardar. Ya ce, “Ka ga nauyin abin da ke ciki an rubuta. A doka ba su yi ƙarya ba.”

Na karanta, lamba ce sarai. Na yarda da shi. Sai dai tsohuwar da ke sayen madarar jikanta ba lamba take dubawa ba, girman gwangwani take dubawa, kuma na tabbata wanda ya zana gindin nan ya san haka. Abin da ya fi damuna shi ne, ba ni da lambar da zan gwada da ita. Nawa ba shi da takarda. Ban san abin da aka rubuta a jikin na da ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce wa ke karanta gwangwani.

Yanzu tsohon ya kai ƙarshe. An yi masa faci a kan faci, gefensa ya lanƙwashe ranar da baro ya taka shi, aka miƙe shi da ƙyar. Mai gyaran bokiti ya ce zai ƙera mana sababbi da farin ƙarfe, ni da maƙwabciyata da duk wanda ke so a tashar, in dai na kawo abin kwatance. Na ce ga nawa. Ya jujjuya shi ya ce, “Wannan ko shi bai san girmansa ba yanzu.” Gaskiya ya faɗa. Wataƙila facin ya rage masa ciki, wataƙila miƙewar ta ƙara. In aka ƙera a kansa, kuskure zai zama mudun tasha guda, da sunana a kai.

Don haka nake roƙon masu karatu. In akwai wanda ke da gwangwanin madara na da, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ba a taɓa yi wa faci ba, ya taimaka. Irinsa yakan ɓuya a ɗakin tsofaffi, ana ajiye allura da maɓalli a ciki, ko a rumbu ana ɗiban iri da shi. Ba saya zan yi in raba ku da shi ba, aro ne, a gwada a mayar. In kuma wani ya taɓa aiki a shago ko a masana'anta, yana tuna lambar da ke jikin na da, ya faɗa mini. Haka nan ina son sanin ko akwai wanda aikinsa ne ya kifa gwangwanin kamfani ya duba, kamar yadda sarkin kasuwa ke kifa namu, da inda ake samunsa. Duk direban da ke bin hanyar Maraɗi zai iya kawo saƙo. A ce a ba mai ayar da ke kusa da mai shayi, wanda ke yawan bayani kafin ya auna.