Nana Firdausi da Wayar Alhaji Ɗantsoho

Duk wanda ya ga Nana Firdausi yanzu, da shagonta na haɗa intanet a Gumel da ma'aikata huɗu, sai ya ɗauka da sukundireba a hannu aka haife ta. Ni kuwa na san farkonta, don tebur ɗaya muka raba a ofishin manyan motocin Alhaji Ɗantsoho a shekarar 2006, ina buga takardu, tana fama da wayoyi.

'Yar Ɗanzomo ce. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a gindinsa ta daina tsoron buɗe bayan na'ura. Da ta gama difloma, Alhaji ya ɗauke ta gwaji na wata ɗaya, ya kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa in abin ya gagare ta zai ɗauko mutum daga Kano.

Aikin shi ne wannan. Kowace Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, muna tura wa wakilinmu na can takardun motoci ta intanet. Da damina kuwa, hadari na haɗowa sai farantin kama intanet da ke kan rufinmu ya ɗauke. Akwai wani shuɗin akwati da ke tsare kwamfutocinmu daga ɓarayin intanet, mu muna kiransa maigadi. Nana ta jona masa modem, wato na'urar shiga intanet ta waya, ta sa masa lambar da zai kira da kalmar sirri, ta saita shi yadda in faranti ya ɗauke zai buga ta layin tarho da kansa.

Ranar gwaji ya yi aiki lafiya lau. Ranar Alhamis da ruwa ya sauko, modem ya buga, ya yi kukansa irin na ƙyauren da ya sha tsatsa, ya kama, bayan daƙiƙa goma ya katse. Sau bakwai yana haka. Motoci uku cike da shanu suka yini a Maigatari, direbobi na ta kumfar baki.

Mako biyu baiwar Allahn nan tana bincike. Ta sauya waya, ta rage gudun modem, ta sake rubuta saitin kaf. Ni da ban san komai ba har na ba ta shawara ta tofa masa addu'a, ta harare ni. Wallahi na tausaya mata, don saura Alhamis ɗaya watanta ya cika.

Ran Laraba aka yi ruwa, modem ya soma bugawa daidai lokacin da ta shiga kai wa Alhaji takarda. Sai ta ji tsohuwar wayar teburinsa ta yi ƙil-ƙil, ta ga ya miƙa hannu ya ɗauka.

"Salamu alaikum. Salamu alaikum?" Ya saurara, ya ajiye. "Kullum aka yi ruwa sai wani ya kira ya yi ta min ƙugi a kunne. Ko amsa sallama ba ya yi."

Ashe layin modem da na wayar Alhaji ɗaya ne. Modem na buga lamba irin bugun zamanin da, mai sa ƙararrawa motsi, Alhaji kuma a duniya bai taɓa barin waya ta yi motsi bai yi mata sallama ba. Da ya ɗaga, sai layi ya katse.

Da ta fito ta gaya min, na yi dariya har da hawaye. Na ce ta zare wayar ta huta. Ta ce a'a, sai ta tambaye shi. Ta koma ta durƙusa, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa, ba na musu.

"Baba, ba mutum ba ne, na'urata ce. Ko a cire wayar nan daga teburinka?"

Ya dafa wayar. "'Yata Sharifa tana aure a Damagaram. Wannan lambar kaɗai ta haddace. Da damina takan kira ta ji ko an yi mana ruwa."

Nana ta tashi ta fito. Ta dawo ta mayar da bugun modem mai sauti, wanda ba ya taɓa ƙararrawa. Ta kuma saita maigadi kada ya buga sai akwai takardar turawa, in ya gama da minti biyu ya saki layi, don Sharifa ta samu in ta kira.

Washegari aka tafka ruwa tun hantsi. Takardu suka isa Maigatari kafin shayina ya huce, Alhaji bai ma san an buga ba. Da la'asar ya kira ta ofis, hannunsa a kan wayar.

"Kin zauna a aikinki, 'yata," ya ce. "Da mutumin Kano ne, da tuni ya zare ta, ba zai tambaye ni ba."