Baƙar Subiyar Baba Badaru

Ana idar da sallar asuba Baba Badaru yake ɗora kasko. Kafin rana ta leƙo lungunsu na Hindawiyya, ƙamshin soyayyen sha'ir ya riga ya shiga ɗakunan mutane. Ba ya sauri. Yana juyawa har ƙwayar ta yi ja, ta wuce ja, ta kusa ƙonewa. A nan yake saukewa. Sai ya soya gahawa daban, ya daka, ya jiƙa su tare da dabino, ya rufe.

Kowa a Jidda ya san subiya, ruwan sha'ir mai zaƙi da ake ƙullawa a leda, fara ko ja. Ta Baba baƙa ce wuluk, mai kauri, da kumfa ruwan ƙasa a samanta. Kuma ba ya yarda a sha ta a tsaye.

"Zauna, ɗana. Ba ruwan famfo ba ne."

In ka nemi ƙanƙara sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Kurɓi ɗaya, ka riƙe a baki. Ɗacin gahawa ne ke fara gaishe ka. Ka yi haƙuri da shi. Bayansa ƙauri zai taso, irin na gindin tukunya. Zaƙin dabino sai can ƙarshe, bayan ka fid da rai. Mu da muke dawowa daga Madinar Masana'antu da ƙura a wuya, a bakin ƙofarsa muka koyi shan abu a hankali.

Umra ce ta kawo shi daga Gumel yana saurayi. Bai koma ba, kuma bai taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana nan. Abin da ya fi tunawa da ita ba tuwon ba ne, ƙanzon tuwon dawa ne da take jiƙa masa da safe. Wannan ƙaurin yake bi a cikin kasko tun daga lokacin. Shi ya sa Bahaushe kan kurɓa ya yi shiru, Balarabe kuwa ya yamutsa fuska ya ce wannan magani ne.

Ƙa'idarsa ɗaya: abin da bai ɗanɗana ba, ba ya fita daga ɗakinsa. Subiya in ta kwana biyu a zafin Jidda juyawa take yi, ta fara zama abin da ke bugarwa. Malam Hashim, tsohon lebura, abokinsa na zama, ya shaida ranar da wuta ta ɗauke a unguwa, subiyar ta sha zafi ta juya. Baba ya kurɓa, ya tofar, ya kinkimi robar gaba ɗaya ya juye a kwata. Wani ya riƙe masa hannu.

"Haba Baba, ai irin wannan akwai masu nemanta."

"Su nema a wani gidan."

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, amma harshensa bai tashi ba. Gishiri da sukari duk ɗaya. Ya ɗora kasko kamar kullum, ya haɗa, ya kurɓa, ya daɗe riƙe da kofin. Sannan ya kife kaskon. Lungun ya wayi gari babu ƙamshi. Mun ce masa hannunsa ya san aikin, ya ci gaba kawai. Ya ce hannu bawa ne, harshe ne mai gida. Daga nan ya fara maganar tafiya Gumel.

'Yarsa Ilham ce ta ƙi yarda abin ya mutu. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, Hausarta tana tafiya tana ɗingishi. Ta san awon komai, amma duk wadda ta haɗa sai Malam Hashim ya ture kofin.

"Gahawa ce da sukari, 'yata."

Ta juya wajen mahaifinta. "Abuya, wallahi yadda ka ce na yi. Mene ne ya rage?"

"Ƙanzo."

"Esh ƙanzo? Mene ne shi?"

Baba ya dube ta. Sai a ranar ya lura da abincin tukunyar lantarki ta girma, wadda ba ta kama gindi. Ya sa aka nemo garin dawa a unguwar Sa'alaba. Ya tuƙa tuwo da kansa, ya bar shi a wuta da gangan har maƙwabta suka leƙo. Ya kankare, ya shanya, ya jiƙa, ya miƙa mata. Ta sha ta ɓata rai.

"Wannan kuke kuka a kai?"

"Ƙara kurɓa. Kakarki ce ke gaishe ki."

Ta ƙara, har ta shanye.

Ranar Juma'ar da ta wuce Ilham ta kawo tata. Baba ba zai iya jin ɗanɗanonta ba, sai ya zuba wa fuskar Malam Hashim ido. Tsohon ya kurɓa, ya riƙe, ya haɗiye. Bai ture kofin ba.

"Saura kaɗan," in ji shi.

Ilham ta sunkuyar da kai. Baba kuwa dariya ya yi, ta farko tun rashin lafiyarsa.

"Halas, shi ke nan, ɗauki kaskon. Ni ma tawa saura kaɗan ce. Ban taɓa kamo na Inna ba."

Baba Badaru, mai kaskon asuba. Kai ne ka ba mu gida a kofi, a ƙasar da ko suna ba mu da shi a takarda. Kai ne ka gwammace kwata ta sha da ka shayar da ɗan wani abin da zai kunyata shi gaban Allah. Kai ne ka ajiye sana'a ranar da ba za ka iya tsaya mata shaida ba. Mun gode. Duk mai sayar wa mutane abin sawa a baki, ya dubi wannan tsoho: kada ka miƙa abin da kai ba ka ɗanɗana ba.

Bayan Sallah zai miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi gida. Wanda ya tafi haka ba ya dawowa, ya sani, mu ma mun sani. Allah ya kai ka lafiya, Baba. Allah ya tashi harshenka ko na safiya ɗaya ne, a Gumel, a gidan da har yanzu tukunya ke kama gindi.