Ƙafar Kaza a Kan Ƙarfen Durom

Ɗan ƙanen mahaifina ya sace mini shaida. Shaidar gidanmu nake nufi, ƙafar kaza, zane ukun nan da muke bugawa a wuyan kowace fartanya tun ƙarfen yana ja. Ya ɗauke ta ya buga a kan abin da ko marfin tukunya bai isa ba.

Ni maƙeri ne a Birnin Kudu. Aji huɗu na yi a firamare, Baba ya cire ni ya zaunar da ni gaban zuga-zugi. Shi kuwa ɗan ƙanen Baban ya gama sakandare, wuta ba ta taɓa lasar hannunsa ba. Da aka yanke mana jiha daga Kano, kowa ya tashi da kafa ƙungiya, sai ga shi sakataren masu sana'ar hannu. Ya zo maƙera cikin farar shadda yana kauce wa tartsatsi, ya ce, "Yaya, lokacinku ya zo, za a tallafa wa masu aikin gaskiya. Ara mini ƙarfen shaidar nan a yi masa rajista, kada wani ya kwaikwaya." Na ba shi. Wautata ce wannan, ban ɗora wa kowa ba. Bayan mako uku ya dawo da shi, ashe ya sa an ƙera masa irinsa.

Tun zamanin kakana, duk fartanyar da ke da ƙafar kaza, in ta lanƙwashe ko ta tsage kafin damina ta fita, ka dawo da ita a sake maka wata, ba tambaya. Muna iya wannan alkawari ne don da sifirin mota muke ƙira, shi kuwa ba ya jin tsoron ƙasa.

Ana tsakiyar noman fari wani dattijo ya zo daga Fagam da fartanya uku a buhu. Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa da hannu kamar ganyen kabeji. Ƙarfen durom ne. Ga shaidar a wuyanta, amma sama-sama, da gani a sanyi aka buga. Na ce, "Baba, wannan ba aikina ba ne. Ina ka saya?"

Ya ce a kasuwar Gwaram, a rumfar ƙungiya. "Ni ban san karatu ba, ɗana, kazar na sani. Shekara nawa ina noma da ta ubanka. Ga ciyawa can tana cinye mini gero."

Na hura wuta na ƙera masa uku. Kafin sati ya zagayo wasu sun zo daga Yalwan Damai, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Na ajiye aikina ina biyan alkawarin da wani ya ɗauka da bakina. Waɗanda suka zo ma da sauƙi. A mota na ji wani da bai san ni ba yana cewa ai ƙafar kaza ta bi tsohon maƙerin zuwa kabari, ɗansa ba shi da amana.

Ran kasuwar Gwaram na tattara lanƙwasassun a buhu na je. Na sami sakataren a rumfa yana shan fura. Na zazzage su a gabansa.

Ya rage murya. "Haba Yaya, a gaban mutane? Zamani ne ya canza, araha ake so. Kuma ai ni ma jikan gidan ne, ina da haƙƙi a shaidar."

Na zaro ƙarfen shaidar na ainihi daga aljihu, wanda kakana ya ƙera, na jefa a kan tarin.

Na ce, "Jikan gidan ne kai, ban musa ba. To ga gadonka gaba ɗaya, ni daga yau na daina buga ta. Amma ka sani ba ita kaɗai take tafiya ba. Duk wanda ya zo mini da ƙafar kaza a lanƙwashe, ƙofar gidanka zan nuna masa. Ka tuɓe shaddar nan, Malam Sakatare, ka je ka nemi gawayi."