Kawu da Ruwan Alwala

Jiya a bakin famfon masallaci na tsinci kaina na tari ruwa a tafin hannu ina kaiwa hanci, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Haka marigayin yake yi kafin kowace alwala.

Rabin rayuwarsa a kudu ya yi ta, yana fataucin busasshen kifi a wani ƙauyen bakin ruwa. Da bututun kamfanin mai ya fashe, kifi ya mutu, rijiyoyi suka ɗauki warin kananzir. Yakan ce, "Ina kallon kogi nake taimama."

Shekarar da ya zo jinya ya sauka gidana a unguwar Deptford, ana sauraron ƙarar da mutanen ƙauyen suka kai kamfanin a nan Landan. Ya nace sai na kai shi kotun. Muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi da sandarsa da babbar rigarsa mai ƙamshin kafur. Lauyoyi suka yi ta gardama kan ko kotun ma tana da hurumi. Ba wanda ya ambaci kifi. Aka ɗage zaman.

Da azahar na raka shi wajen famfon kotun. Ya tara hannu, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Kawu, lafiya?"

"Ɗan nan, ruwansu ba ya wari. Ta yaya za su gane?"

Ya rasu ana ta ɗagewa. Har yau ɗagewa ake yi, masu shaida kuwa sai ƙarewa suke yi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya shayar da kai ruwan da ba sai ka shinshina ba.