Jan Farce a Likkafanin Inna

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke bayan Bagwai, ruwan zamzam ba abu ne da ake samu a kowane gida ba. Yanzu kowane alhaji da jarkarsa yake saukowa daga jirgi. A wancan lokaci kuwa, idan tsohuwa ta samu zuwa Makka, tsarabar da take yi wa kanta ita ce farin yadi. Ta tsoma shi a zamzam, ta shanya a can, ta ninke, ta ajiye a ƙasan akwati har ranar da za a naɗe ta a ciki. Mahaifiyata, Inna, tana da irin wannan likkafani. Sau ɗaya ta je, bayan ta daɗe tana kiwon tumaki domin tafiyar, kuma ta san ba za ta koma ba.

Ni a lokacin direban babbar mota ne. Legas, Kwatano, Yamai, har Cadi, duk na taka. Ina jin Yarabanci, da Faransancin tasha, da ɗan Larabci, don haka idan na dawo gida ganin kaina nake kamar na fi kowa sanin duniya. A Kwatano na ga mata da farce ja kamar barkono, na sayo wa matata kwalba ɗaya ta jan farce. Ta juya ta a hannu, ta yi dariya, ta tambaye ni ko yawon ya sa na manta ruwan alwala ba ya ratsa wannan abu. Ta ce lallenta ya ishe ta, ta jefa kwalbar cikin wani kwano.

Duk shekara kafin ruwan farko, Inna takan fito da likkafanin ta shimfiɗa a kan sabuwar tabarma a ɗakinta, ya sha iska saboda gara. Ran nan ta shimfiɗa shi ta tafi barkar haihuwa, matata kuma tana wajen surfe a maƙwabta. 'Yata, mai shekara huɗu, wadda ta ci sunan Inna, ta lalubo kwalbar. A ɗakin kakarta ake sa mata lalle, don haka can ta nufa.

Na shiga na tarar da ita zaune a gefen yadin. Ta miƙo mini yatsu tana murmushi, ta ce, "Baba, ka ga na yi kyau?"

Kwalbar na kwance, jan ya malale faɗin tafin hannu a kan farin. Marinta na yi. Ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake ba.

Na san sunan ruwan da ake goge jan farce da shi a harshe biyu, amma ko ɗaya ba a sayarwa a kasuwarmu. Sai na tuna yadda kanikawan Legas suke wanke fenti da fetur. Na zuƙo kaɗan daga babur ɗin maƙwabcina na kama murza. Tabon ya dusashe, amma ya bazu ya kai faɗin faifai, ga warin fetur ya kama ko'ina. Sai na kwashi yadin gaba ɗaya na kai bakin rijiya, na wanke da sabulu, na ɗauraye har sau uku. Matata ta iso ina matsewa, ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni a zatona tabon take yi wa.

Da la'asar Inna ta dawo ta ga likkafaninta a kan igiya yana ɗiga. Ta taɓa shi, ta sansana, ta tambayi ruwan ina ne. Na ce na rijiyarmu. Sai ta nuna tabon.

"Jan nan najasa ne?"

Na ce a'a.

"To me ya kai ka? Ja ai ba ya hana kwanciyar kabari. Zamzam ɗin ka wanke."

Na durƙusa na fara alkawura. Na ce wani abokina zai je aikin hajji bana, zan sa ya kawo jarka guda mu sake tsomawa. Ta ce Allah ya kai mu, amma wancan da hannunta ta ɗiba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira yarinyar daga bayan rumbu inda ta ɓuya, ta duba kumatunta, ta riƙe yatsunta ta ce, "Takwara, wallahi kin yi kyau." Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce yarinyar tafin hannu ɗaya ta ɓata, wanda ya zaga duniya shi ya gama da sauran.

Abokina ya cika alkawari. Na karɓi ruwan a Kano na sa a ƙarƙashin kujerar mota, na ce sai na dawo daga Yamai in kai wa Inna. Ina can zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke ta. Ba waya a lokacin, sai da na iso ƙofar gida na ga tabarmin zaman makoki. Matata ta ce Inna ta hana a sayo sabon yadi. Ta ce a naɗe ta a nata, a kuma juya wajen tabon ya kwanta a ƙirjinta. Jarkar na cikin mota, ko buɗe ta ba a yi ba.

Na ga yadda ake binne mutane a ƙasashe da yawa, wasu a akwatin katako mai ƙyalli, wasu da kiɗa. Duk wannan gani bai koya mini in tsaya in tambayi mai abu me yake so a jikin abinsa ba. Da ran nan na jira Inna ta dawo, magana ɗaya za ta yi.

Yau ni ma ina da nawa likkafanin. Idan na shimfiɗa shi jikoki suka shigo, matata takan kore su, ni kuma in ce ta bar su. 'Yata ta girma, ta ce ba ta tuna marin. Na yarda da ita. Amma da, ita ce take fara jin ƙarar motata ta ruga bakin hanya ta tare ni. Tun daga ranar nan ba ta sake ba.